Baba Kunne da Injin Motar Katifa

Akwai wani bakanike da ake ce wa Baba Kunne, garejinsa na can ƙarshen layin kanikawa, daidai inda kwalta ta ƙare. Ba wani gareji ba ne na a zo a gani. Rumfar kwano ce, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, sai benci da wani tsohon akwatin ƙarfe da yake zuba sifanu a ciki.

Sunan kuwa ba don girman kunnuwansa aka laƙaba masa ba, ko da yake ba laifi, Allah ya hore masa su. Idan ka kawo masa mota ba ya tambayarka abin da ke damunta. Zai ce ka tayar, ya ɗauki doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya faɗa maka ciwon. In an buɗe kuma haka za a tarar.

Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki. Bai tara abin duniya ba, amma ya tara suna. Mutum zai ajiye masa mota da makulli da sababbin kayan gyara a kwali, ya yi tafiyarsa ta wata guda hankali kwance. Kun dai san yadda ake zargin kanikawa da musanya sabo da tsoho. To shi ba a taɓa jin haka a kansa ba, kuma da wannan sunan yake ciyar da gidansa.

Yana da ƙane guda ɗaya, ɗan autan gidansu, kowa Auta yake ce masa har ya yi gemu. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, a hannun Baba Kunne ya tashi. Shi ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa har ya yi aure.

Auta ya auri 'yar wani Alhaji mai shagon katifa. Alhajin ya ba shi ɗaki biyu a gidansa na haya, ya kuma damƙa masa motar shago yana kai wa masu saye kayansu gida. Ka ga ke nan, aikinsa da wurin kwanansa duk a tafin hannun surukinsa suke.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai shan dizal, irin doguwar nan mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya. Jikinta garau, injin ne ya gaji. Hayaƙi take yi har na bayanta ya rasa ganin hanya, baƙin mai kuwa shan shi take kamar ruwa, da safe kuma sai an tara maƙwabta an tura.

Da abin ya ishi Alhaji, sai ya ce a kai wa Baba Kunne. Ya kara kunne ya saurara, ya ce, "Alhaji, wannan ba na shafe-shafe ba ne. Sai an sauke shi an yi masa babban aiki."

Ya rubuta abin da ake buƙata, Alhaji da kansa ya sayo: fistin huɗu da ringinsu, da metal, da gaskit, da sabuwar filtar iska. Duk a kwalayensu aka dire su a gareji.

Kwana tara Baba Kunne ya yi a kan injin nan. Ya warware shi ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan buhu, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya goge, ya auna, ya sake aunawa. Maƙwabcinsa Mai Waya, wanda ke gyaran wutar mota kuma bakinsa ba ya shiru, yakan leƙo ya ce, "Baba, inji kake haɗawa ko jariri kake yi wa wanka?"

Shi kuma ya ce, "Wannan ita ke ciyar da 'ya'yan ƙanena. Bar ni in yi mata a hankali."

Ladan aiki ma ƙin karɓa ya yi. Ya ce ba zai yi wa gidan ƙanensa aiki ya miƙa hannu ba.

Ranar da aka tayar da ita, bugu ɗaya ta kama. Ba hayaƙi, ba kakkarwa, sai wani sauti mai laushi da ya sa har Mai Waya ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo kallo.

Baba Kunne ya riƙe makullin bai saki ba, ya ce, "Auta, saurara da kyau. Sabon aiki ne, ƙarafan ba su saba da juna ba tukuna. Kilomita dubu na farko ba gudu, ba kaya mai nauyi. Katifunka kawai. In ta cika ka dawo in canza mai in sake ɗaure notunan kan inji. Ka ji ni?"

"Haba Yaya, sai ka ce yau na fara tuƙi."

"Na dai faɗa maka."

Jama'a, kwana huɗu kacal Auta ya iya riƙe maganar nan.

Wani ɗan kwangila da ke gini a can bayan gari, kan wani tudu, ya gan shi da mota tana tafiya sumul, ya ce ko zai riƙa ɗauko masa siminti tsakanin aike da aike? Alhaji ba zai sani ba, abin da aka samu na aljihunsa ne. Auta ya ce me zai hana.

Ya loda buhuna har bayan motar ya zauna. Hanyar ba kwalta, ga ƙura, ga hawa. A tsakiyar tudun motar ta fara nishi tana neman tsayawa. Wani direban tifa da ke gefe, irin masu ilimin bakin titi, ya ce masa, "Numfashi ne ya yi mata kaɗan. Cire filtar iska ka ga aiki."

Ga wanda bai sani ba, filtar nan ita ce ke tace ƙura kafin iska ta shiga cikin inji. Auta ya san haka sarai, a gareji ya girma. Amma ya cire ta, ya naɗe a ledar katifa, ya tura bayan kujera. Ya koma ya sauke giya ya taka, mota ta haye. Shi a tunaninsa cire filtar ne ya yi aiki, alhali giyar da ya sauke ce ta hau da shi.

Daga ranar bai mayar ba. Mako uku yana shiga wurin ginin nan, inda ake zazzage siminti ƙura na tashi fari fat, sabon inji na zuƙa.

Hayaƙi ya dawo. Baƙin mai ya fara ƙarewa. Maimakon ya je wurin yayansa, sai ya riƙa ƙara mai yana rufe bonet da sauri. Ran nan da hantsi, ɗauke da katifa biyu, injin ya yi wata ƙara kwas-kwas-kwas ya mutu a tsakiyar titi. Ya buga.

Kafin a zo jan motar, Auta ya zaro filtar daga bayan kujera ya mayar da ita wurinta, ya ɗaure, ya share bayan motar tas.

Da aka jawo ta gareji, Baba Kunne ya tsaya yana kallonta kamar an kawo masa gawa. Ya buɗe bonet, ya duba mai, ya duba ruwa, sannan ya kwance murfin filta ya ɗago ta. Fara sol, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ya zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, wanda ke kai iska cikin inji. Yatsan ya fito da toka-tokar ƙura mai laushi.

Ya murza ta, ya sunsuna. Ya mayar da filtar ya rufe, ya ce, "Auta, zo."

Ya ja shi bayan rumfa inda ba mai jin su.

"Siminti nawa kake lodawa?"

Auta ya fara rantse-rantse. Baba Kunne ya nuna masa yatsa kawai. Nan take Auta ya durƙusa, ya kama ƙafar wandon yayansa.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Wallahi in Alhaji ya ji, kora ta zai yi daga aikin da gidan. Ina zan kai yara?"

Ran Baba Kunne ya ɓaci ƙwarai, kwana taransa ya tafi a banza. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce, "Tashi, kar a gan ka haka. Ba zan faɗa masa ba. Ka ce masa na ce a ba ni mako biyu, zan nemo kaya a hankali in sake aikin. Ƙarya dai ba zan yi masa ba, amma bakina ba zai kai ka ba."

Auta har da hawaye. Ya ce, "Yaya, ba ni da uban da ya wuce ka."

Ku riƙe wannan maganar tasa, don ko kwana ɗaya ba ta yi ba.

Da yamma Alhaji ya tsare Auta a shago. Shi mutum ne da ba ya barin magana a rufe. Ya ce, "Injin da aka zuba wa sababbin kaya ba ya bugawa a mako uku haka kawai. Ko direba ne, ko bakanike. Wanne ne a ciki?"

Auta ya sunkuyar da kai. Da ya ce bai sani ba ma, da an wuce wurin. Sai ya buɗe baki ya ce, "Baba, abin da nauyi, ɗan'uwana ne. Amma ni ban ga lokacin da aka sa kayan nan ba. Na dai ga wani ya zo gareji ya fita da kwalaye. Ina jin tsofaffin ya wanke ya mayar."

Inna lillahi. Ni da nake rubuta muku wannan, duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci.

Washegari da safe Baba Kunne na shirin sauke injin, sai ga Alhaji da motar ja. Bai ko amsa gaisuwa ba. A gaban duk 'yan layin ya ɗaga murya.

"Na ɗauke ka dattijo, ashe ɓarawon zaune ne! Na sayo kaya da hannuna, ka sayar ka zuba mini ruɓaɓɓu. Ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya shi ya faɗa mini!"

Baba Kunne ya juya yana neman Auta. Yana can jikin motar ja, ya ba da baya, wai yana taya su ɗaura sarƙa.

"Auta, kai ka faɗi haka?"

Bai juyo ba.

Magana na bakin Baba Kunne. Kalma uku ta ishe shi: a buɗe filta. Amma ya tuna yaran Auta biyu da ke rugowa su rungume shi in ya je gidan, ya tuna kuma ya ce bakinsa ba zai kai shi ba. Ya haɗiye. Ya ce, "Alhaji, ban sayar maka da ko noti ɗaya ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Aka ja mota aka kulle ta a harabar shagon Alhaji.

Kun san labari mara daɗi ƙafa gare shi. Kafin azahar ya zaga layin, kafin mako ya zaga gari. Kuma abin da ya sa kowa ya yarda shi ne bakin da ya fito. Sai ka ji ana cewa, "Ai ƙanensa ne ya tona. Wa zai yi wa ɗan'uwansa ƙarya?"

Wani malamin makaranta da ya shekara goma sha biyar yana kawo masa mota ya zo ya ɗauke ta ba a gama ba, yana ta kame-kame wai tafiya ce ta taso masa. Wata mata ta kawo tata, ta ja kujera ta zauna ta kafa masa ido har ya gama canza mai, ta kuma ce a ba ta galan ɗin ta gani. Daga baya ma masu zuwan suka ɗauke ƙafa. Sai ya wuni a kan benci yana goge sifanun da ba su yi datti ba.

Mai Waya ya zo ya zauna kusa da shi, yau ba wasa a bakinsa. "Baba, na ga lokacin da ka ja yaron nan baya, na ga yadda ya fito. Akwai abin da ka sani. Ka faɗa mana."

"Zai dawo hankalinsa."

"Wa? Auta? Wanda ya sayar da kai don ɗaki biyu?"

A gida ma haka. Matarsa ta ajiye masa abinci ya kasa ci. Ta ce, "Malam, ni na yi wa yaron nan wanki, ni na yi jinyarsa lokacin da ya karye. Ban taɓa shiga tsakaninku ba. Amma yau 'yarka ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata 'yar ɓarawon inji. Shi kana rufa masa asiri, mu wa zai rufa mana?"

Wannan ta shige shi. Ya sa hula ya nufi gidan Auta, ba don faɗa ba. So yake ya ce masa, je ka da kanka ka gyara maganar, ni zan raka ka in ba Alhaji haƙuri.

Ya yi sallama. Matar Auta ta leƙo, idonta a ƙasa, ta ce, "Yaya, ba ya nan."

Ga takalmansa a bakin ƙofa. Ga rediyonsa na magana a ciki, sai kuma aka rage murya. Ƙaramar 'yar Auta ta taho da gudu tana "Baba! Baba!", aka janye ta ciki aka saki labule.

Baba Kunne ya dubi takalman. Sannan ya ce, "To. In ya dawo ki ce na zo." Ya juya. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin tafiya ta yi masa nisa kamar komawarsa gida ran nan ba.

Shi kuwa Alhaji bai huce ba. Ya kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar kanikawa, ya ce a kori Baba Kunne daga layin kafin ya cuci wani. Shugaban, wani dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, ya ce su ba sa korar mutum da ji-ta-ji-ta. Ƙa'idarsu ita ce a buɗe injin a gaban kowa. In an tarar da tsofaffin kaya, a ranar zai kwashe sifanunsa.

Aka sa rana. Aka jawo motar tsakiyar layi, kanikawa suka kewaye ta. Alhaji na kan kujera, Auta na tsaye bayansa. Baba Kunne na gefe ya harɗe hannu, an hana shi taɓa komai. Shugaba da wasu kanikawa biyu suka shiga aiki.

Aka cire kan inji. Aka zaro fistin na farko, Shugaba ya goge shi ya juya shi a rana, ya karanta lambar da ke jiki, ya dubi takardar da Alhaji ya sayo kayan da ita. Ya zaro na biyu, na uku, na huɗu.

"Alhaji, waɗannan kayanka ne. Sababbi ne, duka huɗun."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Alhaji ya miƙe. "To me ya cinye su haka?"

Don kuwa duk jikinsu ya kakkarce kamar an goga musu yashi, ringin sun siɗe sun yi siriri. Shugaba ya koma kan motar. Ya kwance murfin filta ya ɗago ta sama kowa ya gani.

"Motar da ta yi mako uku a titi, filtarta ko ɗigon ƙura babu?"

Ya cire bututun iska ya buga shi a kan wani faranti. Ƙura ta zubo ta yi ɗan tsibi. Ya juya ya dubi Auta.

"Direba, an tuƙa motar nan ba filta. Yaya aka yi?"

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe masa. An riga an wanke yayansa daga sata. Abin da ya rage kawai ya ce na yi kuskure. Baba Kunne ya kafe bakin Auta da ido.

Auta ya lashi leɓe ya ce, "Ai... ai shi ne ya manta bai sa ba. Haka ya ba ni ita. Sai ranar da aka jawo motar ya saka, don ya rufe laifinsa."

Mai Waya ya yi tsalle. "Kai! Ka ji tsoron Allah! A gabana aka ɗaura filtar nan, ni na riƙe masa murfin!"

Shugaba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce a ba shi ruwa. Ya ɗiga kaɗan a kan ƙurar da ke faranti, ya cuɗa da yatsa, ta zama kwaɓi mai toka-toka. Ya miƙa wa wani magini da ya tsaya kallo. Mutumin ya murza sau ɗaya ya ce, "Wannan ai siminti ne."

Alhaji ya ce, "Siminti? Ni katifa nake sayarwa!"

Ya juya a hankali ya dubi surukinsa. Ɗaya daga cikin kanikawan ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce sifirin ɗin baya, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin kaya, ma sun kwanta, kuma ba katifar da ke kwantar da sifirin. Wani ya zura tsinke a lungun bayan motar inda tsintsiya ba ta kai ba, ya tono busasshen siminti. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Auta ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, ya faɗi komai.

Alhaji ya cire hularsa, ya taka har gaban Baba Kunne. Ya ce, "Malam, ka san wannan tun ranar?"

"Na sani."

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane, ka yi shiru?"

"Akwai yara a gidan, Alhaji."

Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu ya roƙi gafara, da ƙarfi, yadda ya yi zagin da ƙarfi. Sannan ya juya ya ce Auta ya ajiye masa makulli, kuma kafin ƙarshen mako ya fitar masa da kayansa daga gida.

Baba Kunne ya ce, "Makulli naka ne, ka ba wanda ka ga dama. Amma in har kana son in yafe maka, ka bar musu ɗakin. Jikokinka ne, ba su suka loda siminti ba."

Alhaji ya gyaɗa kai.

Mutane suka yi ta zuwa suna ba shi hannu. Mai Waya har rawa ya taka. Amma shi Baba Kunne ko murmushi bai yi ba. Ya koma rumfarsa ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da tsumman goge hannu. Waɗanda suka san shi shekara talatin sun ce ran nan suka fara ganin hawayensa.

Da layin ya watse, Auta ya lallaɓo ya durƙusa a bakin rumfar.

"Yaya, ka yafe mini. Tsoro ne. Sharrin shaiɗan ne."

Baba Kunne ya sauke tsumman daga fuskarsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Ta farko na ce tsoro ne. Alhaji ya tsare ka, ka rasa mafita, ka jefa ni. Na yi maka uzuri har a gaban matata. Amma yau fa? An riga an ga kayan sababbi ne. Ba wanda ya ce ka wanke ni. Ina kallon bakinka ina roƙon Allah ka yi shiru kawai. Shiru, Auta. Shi ma ka kasa yi mini."

"Yaya..."

"Na yafe maka, don ina son Allah ya yafe mini. Tashi ka tafi gida."

Baba Kunne ya sake haɗa injin, kwana goma sha ɗaya wannan karon, ya miƙa wa Alhaji makulli hannu da hannu. Har yau motar na kan titi da wani direban. Masu mota suka dawo, malamin makarantar nan ma ya dawo yana sunne kai. Aiki ya fi na da yawa, don yanzu labarin da ke yawo shi ne na bakaniken da aka zaga a banza ya yi shiru.

Auta ya sha zaman banza kafin ya samu wata tsohuwar tasi yana ja. Baba Kunne bai daina aika wa yaransa abin makaranta ba, in ba su da lafiya kuma shi ne na farko a asibiti. Mutane suka ce ai komai ya wuce.

Bayan kusan shekara, tasin ta fara wata ƙara da kanikawa uku suka kasa ganewa. Auta ya yi ta zagaye, ƙarshe dai ya shigo layin, ya tsaya a gaban rumfar. Ya fito yana murmushin da bai kai ciki ba, ya ce, "Yaya, barka da aiki."

Baba Kunne ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya nuna masa bayan motoci uku da ke jira.

"Sannu, malam. Ja ta can ka bi layi. In an zo kanka, ka tsaya a kusa ka ga duk abin da zan sa mata da idonka."

Auta ya tsaya riƙe da makulli. Ya so a ce zaginsa aka yi.

Darasi: Wanda ya rufa maka asiri, kada ka mai da shi garkuwar da za ka tare kibiya da ita. Kuskure ana gyara shi, in ka faɗi gaskiya da wuri ma har a taya ka gyarawa. Amma in ka ɗora laifinka a kan wanda ya tsaya maka, zai iya yafe maka har zuciyarsa, ya ci gaba da yi maka alheri, matsayin da kake da shi a wurinsa kuwa ya tafi ke nan. Kai kuma da ake yi wa ƙazafi, riƙe gaskiyarka, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda ke dab da buɗe baki a kan mai ƙaunarsa, wannan ya sa ya yi shiru.